“A Rana Irin Ta Yau”: Me Ya Sa Ake Rataya Wa Ranakun Tarihi Baƙar Magana?

Me ya sa duk ranar da ake tunawa da wani babban al'amari sai wayoyin Kanawa su cika da kalamai masu ɗaci na marubutan da yawancinsu ba su taɓa jin sunan Dala ba? Ran 1 ga Oktoba ko 15 ga Janairu, tun kafin a dawo daga sallar asuba, za ka tarar an turo maka tsohon hoto baƙi da fari. A samansa an rubuta “A rana irin ta yau”, a ƙasansa kuma jimla ɗaya tal mai cewa mulki duk yaudara ne, ko kuwa tarihi ƙarya ce da manya suka haɗa baki a kanta, sai a rufe da sunan wani Bature. Kafin azahar hoton ya gama zagaya zaurukan WhatsApp, ya isa teburin mai shayi.

Daga nan sai musu. Dattawa su ce yaran yanzu ba su da kishin ƙasa, ba sa ganin girman magabata. Matasa su ce ai gaskiya ɗaci gare ta. A ganina duka ɓangarorin biyu sun bar jaki suna dukan taiki. Kafin a yi rigima kan kishin ƙasa, ya kamata a san wa ya yi maganar, da wa yake, kuma me ke samun ita kanta ranar idan aka ɗaura mata maganar da ba tata ba.

Wace irin magana ce wannan?

Bahaushe ba baƙo ba ne a fagen magana mai zafi. Yana da habaici, wanda ba a kama suna a cikinsa, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Yana da zambo, wanda maroƙi kan yi wa marowaci ko abokin hamayyar ubangidansa, ya siffanta shi har yaro ya gane shi a hanya. Yana da gatse, inda uwa za ta ce wa ɗan da ya fasa tulu “ka kyauta”. Dukkansu suna da wanda aka nufa, domin kowa ya yi zagi a kasuwa ya san wanda ya zaga.

Maganar da ake liƙa wa ranakun tarihi ba ta nufi kowa ba, kuma ta haɗa da kowa. Cewa take yi babu wanda ya taɓa yin wani abu saboda Allah, duk shugaba ɓarawo ne, duk mai neman gyara jiran nasa rabon yake. Turawa suna kiran mai irin wannan tunani “sinik”, kalmar da ta samo asali daga sunan kare a harshen Girka. Laƙabi ne da aka yi wa wasu masu falsafa, mafi shahararsu Diyojinis, mutumin Sinop da ke Turkiyya ta yau, wanda ya zauna a birnin Atina ƙarni huɗu kafin haihuwar Annabi Isa. Ana ba da labarin cewa a cikin wata ƙatuwar randa yake kwana, kuma yakan kunna fitila da rana tsaka yana yawo cikin kasuwa, idan an tambaye shi ya ce mutum yake nema. Abin lura shi ne, shi ya biya kuɗin raininsa ga duniya: ya bar dukiya, ya bar gida, bai nemi komai a hannun sarakuna ba. Sinik na yau kuwa bai bar komai ba, data kawai ya saya.

Me ya sa abin ya samu shiga?

Filin “a rana irin ta yau” tsohon abu ne a jaridu da gidajen rediyo. Abin da ya sauya shi ne yanzu kowa edita ne, kuma labari mai tsawo ba ya tafiya a waya. Kwanan wata da hoto da jimla guda sun fi sauƙin turawa a kan bayanin shafi uku. Kowanne kuma yana rufa wa ɗaya asiri: kwanan watan gaskiya ne, don haka mai karatu sai ya ɗauka maganar da ke ƙasansa ma tabbatacciya ce, ita kuma maganar ta ba shi jin cewa ya fahimci ranar alhali bai karanta komai a kanta ba.

Akwai kuma giɓin makaranta. An cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, aka shafe shekaru kusan goma ko fiye kafin gwamnati ta dawo da shi. Yaran da suka yi karatu a wannan tsakani su ne manyan masu riƙe da waya a yau.

Dalili na uku shi ya fi nauyi, kuma ba abin rainawa ba ne. Matashin da ya gama jami'a shekara biyar yana zaune, ya ga an cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin adaidaita sahu ya ninka, kwanon masara ya gagare shi a kasuwar Dawanau ko Rimi, idan ka ce masa ya yi murnar ’yancin kai zai dube ka ne kawai. Baƙar maganar nan ta faɗa masa abin da ke ransa da lafazin da ya fi nasa tsari.

“Tarihi ya maimaita kansa”

Wannan ce jimlar da ta fi kowace yawo a Kano ran 9 ga Maris 2020, ranar da gwamnatin Abdullahi Ganduje ta sauke Sarki Muhammadu Sanusi II, kuma tun daga nan duk shekara sai ta dawo. Ana jera hotonsa da na kakansa, Sarki Muhammadu Sanusi I, wanda ya bar gadon a 1963. Masu son burgewa sukan ƙara da maganar Karl Marx cewa abu yakan faru sau biyu, na farko masifa, na biyu wasan ban dariya.

Maganar tasa ce, a wani rubutu na 1852, amma a kan mutum biyu takamaimai ya yi ta. Na farko Napoleon, wanda ya ƙwace mulkin Faransa a 1799. Na biyu ɗan ƙaninsa, Louis Napoleon, da aka zaɓa shugaban ƙasa a 1848, tsarin mulki ya hana shi tazarce, shi kuwa ya yi juyin mulki ran 2 ga Disamba 1851. Da gangan ya zaɓi ranar, domin ran 2 ga Disamba 1804 aka naɗa baffansa sarki, ran 2 ga Disamba 1805 kuma ya ci yaƙin Austerlitz. Ashe wasa da ranakun tarihi masu mulki ne suka riga ’yan adawa farawa. Kuma wanda aka kira abin dariyar bai sauka ba sai 1870, bayan an harbe ɗaruruwa a titunan Paris a makon juyin mulkin, an kama dubbai. Jimlar ta yi daɗin faɗa, amma wanda aka kulle saboda shi bai ga abin dariya ba.

Idan aka dawo gida, kamannin 1963 da 2020 a fili yake: jika da kaka, saɓani da gwamnati, fitarwa daga gari. To amma bambance-bambancen su ne darasin. A 1963 gwamnatin Jihar Arewa ce ta sa aka binciki kuɗin En'e ta Kano, a lokacin da sarki ke riƙe da kotu da ’yan doka da gidan yari da baitulmali. Aka kai shi Azare, bai kuma komawa gadon ba har ya rasu. A 2020 sarauta ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan iko. An riga an raba masarautar gida biyar a 2019, aka fitar da Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye. An kai Sanusi II jihar Nasarawa, cikin ’yan kwanaki kotu ta ce a sake shi, a watan Mayun 2024 kuma majalisar jiha ta soke dokar, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya mayar da shi, rigimar ta koma gaban alƙalai. Ko kana bayan wane ɓangare, abin da ya kamata ka fahimta shi ne yadda iko ya tashi daga fada ya koma gidan gwamnati da majalisa da kotu cikin shekara 57. Wanda ya ce “tarihi ya maimaita kansa” ya juya ya kwanta, wannan duk ya wuce shi.

“Kuskuren 1914”

Ran 1 ga Janairu, ranar da Lugga, gwamnan Turawan mulkin mallaka, ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, maganganu biyu ne ke fitowa. Ɗaya ta Sardauna Ahmadu Bello, cewa kuskuren 1914 ya fito fili. Ɗaya ta Obafemi Awolowo, cewa Najeriya ba al'umma ba ce, suna ne kawai a taswira. Dukkansu an faɗe su. Sai dai yadda ake kawo su kamar wasiyya ce da mutanen biyu suka bari a gadon mutuwa.

Sardauna ya yi tasa ne a majalisar wakilai a Legas a ƙarshen Maris 1953, cikin fushi, bayan Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ce a bari sai lokacin da ya dace, domin suna ganin ba su da isassun ma'aikatan da za su riƙe ofisoshi. Aka yi musu ihu a Legas. A watan Mayu tawagar jam'iyyar Awolowo ƙarƙashin Akintola ta zo Kano, rikici ya ɓarke tsakanin Fagge da Sabon Gari, aka kwana huɗu ana yi, fiye da mutum 30 suka mutu. Wannan rikici na cikin abin da ya tura aka zauna aka fito da tsarin tarayya na 1954. Shi kuma mai maganar ya zama Firimiya a cikin wannan tsari, jam'iyyarsa ta kafa gwamnatin tarayya, ya yi aiki a cikin Najeriyar har aka kashe shi a Kaduna ran 15 ga Janairu 1966. Awolowo ya rubuta tasa a 1947, shekara ashirin bayan haka shi ne ke riƙe da ma'aikatar kuɗi a yaƙin hana raba ƙasar, ya kuma nemi shugabancinta a 1979 da 1983.

Wani abin da hoton ba ya faɗa: da za ka tambayi manomin ƙasar Kano na lokacin me ya faru a 1914, ba zai ambaci Lugga ba. Yunwar Kakalaba zai ba ka labari, wadda ta biyo bayan farin 1913, jim kaɗan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano mutane sun raja'a a kan gyaɗa. Shekara ɗaya ce, amma abin da aka zaɓa a tuna da ita ya dogara da wanda ke riƙe da kalandar.

Wa ya faɗa?

Abin da ya fi ba ni mamaki ke nan a garin malamai irin Kano. Idan mutum ya jawo hadisi a majalisa, nan take za a tambaye shi wa ya ruwaito, a wane littafi. An raine mu a kan maganar Abdullahi ɗan Mubarak cewa isnadi yana daga cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Amma da zarar an manna hoton Bature mai taba sigari a baki, sai mu haɗiye ba tauna.

Ɗauki “masu nasara ke rubuta tarihi”, wadda ake jingina wa Winston Churchill. Masu bin diddigin kalamansa ba su same ta a rubuce-rubucensa ko jawabansa ba. Ita ce kuma ake yawan sa wa a ƙarƙashin ran 3 ga Fabrairu 1903, ranar da dakarun Turawa ƙarƙashin Kanar Morland suka shiga birnin Kano, Sarki Alu yana Sakkwato. Tana da ƙamshin gaskiya, domin rahoton Turawa ne ya cika ɗakunan adana tarihi. Amma waɗanda aka ci da yaƙin ma sun yi rubutu. Imam Umaru, haifaffen Kano wanda ya ƙare rayuwarsa a Kete Krachi ta ƙasar Gana, ya bar waƙoƙi da Larabci da ajami a kan zuwan Nasara, yana lissafa garuruwan da suka faɗi. Mai tura jimlar nan yana kukan an danne muryar kakanninsa, alhali da jimlar tasa ya ƙara danne ta, don ya sa mutane sun ɗauka babu abin nema.

Akwai kuma kuskuren ɗaukar maganar ɗan wasa a ce ta marubuci ce. Da yawa daga cikin jimlolin nan daga bakin mugu suka fito a cikin ƙagaggen labari, marubucin ya sa masa su ne don a gane muguntarsa. Kamar a ce kakarka ta yarda da cin amana saboda ta kwaikwayi muryar Gizo a tatsuniya.

Hujjar kowane ɓangare

Masu kare wannan ɗabi'a suna da abin faɗa. Bikin gwamnati shi ma zaɓe yake yi: fareti a filin wasa na Sani Abacha, jawabi, yabon kai, ba a ambaton wanda aka zalunta. Ranakun ma siyasa ke juya su. Tun 2000 ana Ranar Dimokuraɗiyya ran 29 ga Mayu, sai a 2018 Shugaba Buhari ya mayar da ita 12 ga Yuni, ranar zaɓen 1993 da aka soke, wanda Abiola ya kayar da Bashir Tofa har a jihar Kano. Idan gwamnati na da ikon ɗora wa rana ma'anar da take so, talaka ma yana da ikon ya tsikare ta da allura. Kuma al'ummar da ba ta iya yi wa shugabanninta ba'a, to tsoro ne ya cika ta.

Masu suka kuwa sukan jawo hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa idan mutum ya ce mutane sun halaka, to shi ne mafi halakarsu. Sai dai malamai sun yi tafsili, kuma tafsilin ne ya raba gardamar: abin zargi shi ne wanda ya faɗa don jin kai da raina jama'a, ba wanda ya faɗa don baƙin cikin abin da yake gani ba.

Misalin na biyun a nan Kano ya sauka. ’Yan shekaru kaɗan da fara jihadin 1804, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga abin da ya sosa masa rai a cikin rundunar da shi kansa yake jagoranta. Ya yi waƙa mai ɗacin da ya fi na duk Turawan nan, yana kukan cewa abokansa na kirki sun tafi, an bar shi da masu burin mallakar garuruwa da tara ƙwaraƙwarai da tufafin ado da dawakin sukuwa a cikin gari. Ya bar su ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Da ya iso Kano mutanen gari suka tare shi suka roƙi ya tsaya, ya tsaya, ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu littafi a kan yadda ake shari'a da mulki, sannan ya koma. Ɗacin nasa ya san da wa yake, ya faɗi laifin da sunansa, kuma ya ƙare da aiki. Ni a nan nake auna kowace magana da aka turo mini. Ba zafinta ke damuna ba, abin da nake dubawa shi ne ko ta bar wa mutum wani abin yi.

Me ya shafi talaka?

Jimlar “duk ɗaya suke” ba ta cutar da azzalumi, kariya ce gare shi. Idan kowa ɓarawo ne, to wanda ya saci biliyan da wanda bai taɓa ko sisi ba sun zama ɗaya, babu dalilin tuhumar wani. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum miliyan 93 ne suka yi rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su wuce miliyan 25 ba. Dalilan suna da yawa, har da ƙarancin takardun naira a lokacin, kuma ba hotunan waya ne suka jawo ba. Amma tunanin da ke cikin hotunan shi ne dai wanda kake ji a bakin wanda ya ƙi fita: me zai canja?

Tarihin Kano da kansa ya ƙaryata wannan tambaya. Ran 8 ga Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a garin nan. An ɗaure ’ya’yanta, an yi musu bulala, an kore su daga garuruwansu saboda sun ce a daina zaluntar talaka da haraji da jangali da aikin tilas. Shekara 29 bayan haka, a 1979, gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a jihar Kano, Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna. Duk da haka ran 17 ga Afrilu, ranar rasuwar Malam Aminu Kano a 1983, za ka ga hotonsa da wata jimla mai cewa juyin juya hali ba ya canja komai sai sunan mai bulala. Gidansa na Mambayya yana nan a Gwammaja, ƙarƙashin Jami'ar Bayero, da takardu da hotuna, kuma kuɗin adaidaita zuwa can bai kai na datar wata ba.

Akwai kuma ranakun da masu su suna raye. Ran 20 ga Janairu 2012 hare-haren Boko Haram sun kashe aƙalla mutum 185 a birnin nan a ƙidayar ’yan sanda. Ran 28 ga Nuwamba 2014 aka kai hari babban masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki, fiye da mutum 100 suka rasu. Zawarawa da marayun waɗannan ranaku suna cikin zaurukan WhatsApp ɗin da muke ciki, suna ganin abin da ake turowa. Na lura a waɗannan ranaku biyu masu baƙar maganar sukan ajiye Turawansu. Abin da suke rubutawa a ƙarƙashin hoton shi ne Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta, wani lokaci har da sunan maƙwabcinsu da ya tafi masallaci ranar bai dawo ba.